Shin Ko Kun San? Ons Jabeur, Tauraruwar Tanis Daga Tunisiya

Shin ko kun san cewa ranar Babbar Sallah ta shekarar 2022, wato Asabar 9 ga Yuli, daidai lokacin da ake fama da aikin naman layya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wata Musulma 'yar Afirka tana filin Wimbledon a Landan tana buga wasan ƙarshe? Sunanta Ons Jabeur. Ita ce Balarabiya ta farko da ta kai wannan matsayi a ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya: ta Ostareliya, ta Faransa, Wimbledon da ta Amurka. Rabon da a ga macen Afirka a wasan ƙarshe na Wimbledon tun 1960, zamanin Sandra Reynolds ta Afirka ta Kudu. Ons ta ci zubin farko 6-3, sai Elena Rybakina ta farfaɗo ta cinye biyun da suka rage, 6-2 da 6-2. Abin dariyar shi ne, a shekarar an hana 'yan Rasha shiga gasar saboda yaƙin Yukren, ga shi wadda ta ɗauki kofin haifaffiyar Mosko ce, Kazakistan kawai take wakilta.

Ko kun san kulob ɗin da ta fara koyon wasa ba shi ma da filin kansa? An haife ta ranar 28 ga Agusta 1994 a Ksar Hellal, ta tashi a Sousse da ke bakin teku, ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarta Samira, mai buga tanis don sha'awa, ita ta ɗora ta a kan wasan tana da shekara uku, ita ce kuma ke tuƙa ta a mota gari-gari zuwa gasa. Atisaye kuwa sai a filayen otal-otal na 'yan yawon buɗe ido. Kocinta na farko, Nabil Mlika, ya riƙe ta wajen shekara goma. Tana da shekara 12 ta bar gida ta koma makarantar wasanni ta El Menzah da ke birnin Tunis.

A 2011 ta ci gasar Faransa ta matasa. Daga nan abin ya yi nauyi: rauni, ƙarancin kuɗin tafiye-tafiye, faɗuwa a zagayen share fage. Sai a 2017 ta shiga sahun mata 100 na farko a duniya. Kafin ita, Balarabiya ɗaya ce ta taɓa shiga wannan sahu, Selima Sfar, ita ma 'yar Tunisiya.

Shin kun san cikin shekara biyu da rabi ta tattara kusan duk wani "na farko" da ake da shi? A Janairun 2020 ta kai zagayen 'yan takwas na ƙarshe a Ostareliya. A Yunin 2021 ta ci kofin Birmingham bayan ta doke Daria Kasatkina, kofin farko na Balarabiya a gasannin hukumar tanis ta mata, WTA. A Oktoban shekarar ta shiga cikin goman farko, abin da babu Balaraben da ya taɓa yi, namiji ko mace. A Mayun 2022 ta doke Jessica Pegula ta ɗauki babban kofin Madrid, kafin ƙarshen Yuni kuma ta zama ta biyu a duniya.

Makaminta ba ƙarfi ba ne, wayo ne. Za ta ɗaga hannu kamar za ta narka ƙwallo, abokiyar karawa ta ja da baya, sai ta shafe ta a hankali ta faɗi dab da raga ta mutu a nan. A zamanin da kowa ke tsayawa a layin baya yana ɗirka duka, wannan salo ne ya sa ko wanda bai san dokar wasan ba yakan zauna ya kalle ta. 'Yan ƙasarta suna kiranta Ministar Farin Ciki.

Ko kun san Serena Williams, mai manyan kofuna 23, da ta tashi dawowa wasa a 2022 bayan shekara guda tana jinya, Ons ta zaɓa su buga na bibbiyu a Eastbourne? Sun ci wasa biyu, ciwon gwiwar Ons ya tsayar da su. Serena dai ta san Najeriya: ita da yayarta Venus sun zo Legas a 2012, har sun kara da juna a gaban jama'a.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sau uku Ons tana zuwa wasan ƙarshe na babbar gasa, sau uku tana dawowa ba kofi. Bayan Rybakina, Iga Swiatek ta Foland ta doke ta a Amurka a Satumban 2022. Na Wimbledon ta 2023 ne ya fi ciwo. Ta bi ta kan zakaru huɗu a jere, Andreescu, Kvitova, Rybakina da Sabalenka, kowa ya sakankance, sai Marketa Vondrousova, wadda ba ta ma cikin jerin waɗanda aka ware a matsayin gwanaye, ta cinye ta 6-4, 6-4. A ganina ba gwaninta ce ta gaza a ranar ba. Nauyin nahiya guda da duniyar Larabawa ne ya danne mata hannu, kuma duk wanda ya kalli wasan ya ga haka a fuskarta tun zubin farko.

Mijinta Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi, shi ne mai kula da motsa jikinta. Sun yi aure a 2015. Kocinta na shekarun ɗaukaka, Issam Jellali, shi ma ɗan Tunisiya ne. A Nuwamban 2023 a Cancun Ons ta fashe da kuka a fili, ta ce za ta ba Falasɗinawa wani kaso na kuɗin da ta ci. A 2024 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta naɗa ta jakadiya. A Yulin 2025 ta sanar da cewa za ta huta da wasa, tana da kofunan WTA biyar.

Kun kuwa san a wannan Wimbledon ta 2022 ce Angella Okutoyi ta Kenya ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu? A 2024 ta ƙara da zinare a Wasannin Afirka a Accra. Mu a nan gida, Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon tun 1983, Kano kuma ta daɗe da gasarta ta Dala, maza da mata.

Na san tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ba kowace uwa ce za ta yarda 'yarta mai shekara 12 ta yi nisa da gida don wasa ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma filin tanis ƙafa 78 ne tsawo, 36 faɗi; zanensa ya shige cikin fuloti ɗaya, sai ɗan ƙarin wurin gudu. Daɓe ne da raga da fenti. Shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ku daɓe ko guda ɗaya a cikin katangar makarantar 'yan mata, su buga da hijabinsu da dogon wando, a nemo musu malama mai koyarwa.