Yadda ake gane shekarun kifi da asalinsa

Mun san makiyayi yana duba haƙoran saniya ya faɗi shekarunta. To, kifi fa? Yau za mu je Alaska, can arewacin Amurka, mu ga yadda masana ke yi.

A can akwai wani kifi da ake kira salmon, irin wanda jikinsa ke yin ja lokacin saka ƙwai. Ana ƙyanƙyashe shi a ruwan daɗi. Yakan yi shekara 1 ko 2 cikin tabki, sannan ya gangara teku. Bayan shekara 2 ko 3 sai ya komo kogin da aka haife shi, ya saka ƙwai, ya mutu.

Ga inda matsalar take. A teku, kifayen koguna dabam-dabam suna cuɗanya, kuma ido ba ya iya rarrabe su. Wani kogi yana da kifi da yawa, wani kaɗan. Idan masunta suka kwashe na ƙaramin kogi ba da sani ba, irinsa zai ƙare, mutanen bakin kogin su rasa abinci.

Ta yaya ake sanin shekaru?

Ana cire ɓawo guda daga jikin kifin, a duba da madubin likita. A jikin ɓawon akwai zobba. Lokacin zafi abinci ya wadata, kifi yana girma, zobban suna yin tazara. Lokacin ɗari kuwa sai su matsu. Duk wurin da suka matsu, shekara guda ke nan. Zobban tsakiya na zaman tabki ne, na gefe na zaman teku.

Ta yaya ake sanin asali?

Ana yanko ɗan fiffike, a binciki ƙwayoyin halittar gado. Kifayen kowane kogi dangi ne, suna da alamarsu.

A mashigin tekun Biristol, jirgin bincike yana tarar kifayen a hanya, kamar mako guda kafin su iso. Daga nan hukuma take samun haske game da kogin da za a buɗe wa masunta da wanda za a dakata, har isassun iyaye su wuce. A shekarar 2022, kifi wajen miliyan 79 suka komo wannan mashigi.

Ashe kamun bana ba ya hana na baɗi, in an san abin da ake kamawa.