Dukiyar da Ke Cikin Bambaro da Buntun Shinkafa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zauna da gindinsa a Kura da Bunkure da Kadawa. To, amma bayan an yi girbi an sussuke shinkafa, sai a bar tulin bambaro a gona, buntu kuma a bakin injin casa. Wani a ba dabbobi, saura a banka masa wuta, hayaƙi ya turnuƙe gari.

Masana kimiyya sun gano cewa kamar sulusin bambaro wani sinadari ne da ake kira salulos. Shi ne ƙashin bayan kowane tsiro, kuma zaren auduga kusan duk shi ne. Zarensa iri biyu ne a haɗe, wani wuri a tsuke yake kamar saƙar tabarma, wani wuri kuwa sako-sako.

Ga yadda ake raba su. Da farko a niƙa bambaron, a dafa shi da sodar yin sabulu don a fitar da ƙaron da ya manne zaren, a wanke shi ya yi fari. Sa'an nan a zuba shi cikin asid irin na ruwan batir, mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, a ɗumama shi kamar awa guda. Asid ɗin yakan fara cin wurin da yake sako-sako, ya bar tsukakken. Sai a yi ta ɗauraya da ruwa. Abin da ya rage 'yan mitsi-mitsin allurai ne, waɗanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

Wani Bature mutumin Suwidin, Bengt Rånby, ya bayyana su wajen 1950. A 2012 aka buɗe masana'antarsu a Kanada, amma da itace suke yi.

Ana gauraya su da takarda ko siminti ko roba don ƙarin ƙarfi, ana kuma gwada yin leda mai ruɓewa da su. Wanda ya ga yadda leda ke toshe mana magudanan ruwa ya san amfanin wannan. Ga shi bambaro ba ya ƙarewa kamar man fetur, kowace shekara sabo ake samu.

Sai dai a kula, asid yana ƙona fata yana makantarwa, ba abin gwadawa ba ne a gida. Mu ɗalibai mu dage da darasin kimiyya, iyayenmu kuma a rage ƙona bambaro. Allah ya sa mu dace.