Makullin Ƙofa Ɗaya Tak

Wanda ya bi ta Ƙofar Dukawuya zuwa tsohon mazaunin Jami'ar Bayero ya ratsa ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulkin Kano daga 1095 zuwa 1134. A da, kowace ƙofa da sarkinta, shi ke buɗewa shi ke rufewa, amma ikonsa a bakin ƙofar ya tsaya, bai kai ga baitulmali ba. Irin wannan tsari ake bukata a kwamfutar wurin aiki.

Ƙofar kwamfuta ita ce katin sadarwa, wato na'urar da ke haɗa ta da sauran kwamfutoci da intanet. Kowane kati yana da lambar adireshi da ake kira IP, wadda galibi takan zo masa da kanta. Sai dai a ɗakin gwaji, wasu kayan aiki, alal misali kyamarar madubin duba ƙwayoyin halitta, ba sa magana da kwamfuta sai an rubuta mata tsayayyen adireshi da hannu. A nan malami kan gamu da cikas, domin Windows ba ta yarda kowa ya sauya adireshin sai mai kula da na'ura. Na taɓa ganin ɗalibai sun yini jiran jami'in da zai yi aikin minti biyu, har ƙwayoyin da muka ɗebo daga kududdufi suka mutu a kan gilashi.

Wasu kan huce haushi su ba kowa cikakken iko. Wannan kuskure ne babba, don duk muguwar manhajar da ma'aikaci ya buɗe za ta gaji ikonsa. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na Amurka suka bayyana ƙa'idar cewa a ba kowa iko gwargwadon aikinsa kawai.

Tun fitowar Windows XP a 2001 akwai wani rukuni mai suna Network Configuration Operators. Mai kula da na'ura zai buɗe lusrmgr.msc, ya sa sunan ma'aikacin a rukunin, shi kuma ya fita ya sāke shiga. Daga nan zai iya sauya adireshi, ya kunna katin ko ya kashe, ba tare da an miƙa masa ragamar kwamfutar duka ba. Windows ta amfanin gida ba ta da wannan tagar.

To, amma akwai hattara. Idan kwamfuta biyu suka ɗauki adireshi ɗaya, sadarwarsu takan rikice. Wanda ya sauya lambar DNS, wadda ke mai da sunan shafi adireshi, yana iya kai kansa shafin mazambata. Bugu da ƙari, an gano wata kafa da ɗan wannan rukuni zai iya bi ya mallake na'urar gaba ɗaya, wadda Microsoft ta toshe a Janairun 2025. Saboda haka a sabunta Windows tukuna kafin a sa sunan kowa.