Akwatin Ƙawata Amo: Ko Ya Cancanci Kuɗinsa?

A cikin shekarar 1975 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Amurka mai suna Aphex ya fito da wani akwati da ya kira Aural Exciter, wanda aka ce in an bi da waƙa ta cikinsa sai muryar mawaƙi ta fito tangaran kamar an share mata ƙura. Da fari kamfanin bai yarda ya sayar wa kowa ba. Haya yake bayarwa, dala 30 a kan kowane minti guda na waƙar da aka kammala, watau faifai mai tsawon minti 40 zai ci dala 1,200. Duk da wannan tsada manyan mawaƙa irin su Linda Ronstadt da Jackson Browne sun yi aiki da shi, har akan rubuta sunansa a bayan kwalin faifai. Tun daga wancan zamani ake gardama tsakanin injiniyoyi da makaɗa a kan ko irin waɗannan akwatuna gyara suke yi ko kuwa ruɗin kunne.

Abin da ke ciki ba tsafi ba ne. Duk tsirkiyar da aka kaɗa tana fitar da uwar amo, sa'an nan 'ya'yanta masu girgiza ninki biyu, ninki uku, har sama. Waɗannan 'ya'ya su ne ke sa kunne ya bambance goge da algaita ko da suna bin murya guda. A zamanin tef kuwa, duk sa'ad da aka sāke juya waƙa sai 'ya'yan sama su ragu, amo ya dushe. Aikin akwatin Aphex shi ne ya tace sashen sama, ya ɗan gurɓata shi da gangan domin ya haifi sababbin 'ya'ya, sa'an nan ya mayar da kaɗan cikin waƙar. Gurɓatawa ce dai, amma wadda aka auna.

A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin BBE na jihar Kalifoniya ya zo da nasa, Sonic Maximizer, wanda ke raba amo kashi uku ya jinkirta na ƙasa da ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Masu sukarsa sun daɗe suna cewa yawancin abin da kunne ke ji a nan ƙarin kauri ne da ƙarin kaifi, abin da maɓallan da ke jikin kowace amfilifaya za su iya yi kyauta.

Ga mai kaɗa jitar bes, watau mai kaurin murya, nan ne lissafin yake da wuya. Tsirkiyarsa mafi kauri tana girgiza wajen sau 41 a sakan guda, in mai tsirkiya biyar ce wajen sau 31. Akwatin Aphex na asali kuwa can sama yake aiki, inda girgiza ta kai dubbai. Saboda haka abin da zai fara tasarwa shi ne ƙarar gogar yatsa da ƙwasƙwas ɗin tsirkiya a kan ƙarfe, har da hucin waya. Mai salon marin tsirkiya da babban yatsa, irin wanda Larry Graham ya shahara da shi, zai ji daɗin haka, domin kaifin yake nema. Wanda ke kaɗa rege da taushin yatsa ba shi da wata riba.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan. In makaɗi yana ɗaki shi kaɗai, ƙarin kauri da kaifi yakan sa ya ji kamar ya sayi sabuwar jita. Amma da zarar ganguna da piyano sun shigo sai a neme shi a rasa, domin amon tsakiya, wanda da shi ake gane kowace murya da ya taɓa, shi ne aka danne. Sai ya ƙara wuta. Alhali kuwa kowane ƙarin desibel 3 yana bukatar ninki biyu na ƙarfin amfilifaya, kuma ta haka lasifika da yawa suka ƙone a tsakiyar wasa. Sau da dama ma dushewar da ake kuka da ita daga tsofaffin tsirkiyoyi take, waɗanda gumi da datti suka cika, kuma sababbi sun fi akwati araha nesa ba kusa ba.

To, ina amfaninsu yake? Yana wurin ƙananan lasifika. Wayar hannu ba ta iya fitar da girgiza 41 ko kusa, amma masana sun daɗe da gano cewa in kunne ya ji 'ya'yan amo a jere, watau 82 da 123 da 164 zuwa sama, ƙwaƙwalwa takan cike uwar da kanta. A kan wannan kamfanin Waves ya gina MaxxBass a ƙarshen shekarun 1990, wanda ke haifa wa bes 'ya'ya domin a ji shi a inda ba a iya fitar da uwarsa. Ga sutudiyon Kano ko Kaduna, inda akasari daga piyano ake fitar da bes, masu saurare kuma a waya za su ji waƙar, lalle wannan ya fi akwatin ƙara kaifi amfani. Kuma yanzu manhaja ce a cikin kwamfuta, ba hayar dala 30 ba.

Kafin a fitar da kuɗi akwai gwajin da injiniyoyi ke yi. Kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, waɗannan na'urori kuwa kusan dukansu suna ɗaga ƙara. Sai a rage har ƙarar ta zo daidai da ta asali, a sa wani ya riƙa kunnawa da kashewa ba tare da mai saurare ya gani ba, kuma a yi haka dukan kayan kiɗa suna tafe. In an yarda da sakamakon, a wajen haɗa waƙa ake sa shi, ba wajen ɗauka ba, domin 'ya'yan amon da aka ɗauka tare da jita ba su ciruwa daga baya.