Ƙarar gargaɗi a mota: yadda direba zai gane dalilinta

Motoci da yawa da ake shigowa da su ta Kwatano ko Lome ba su zuwa da littafin bayani, shi ya sa ƙarar gargaɗi kan rikita direba. Lokacin da ta tashi shi ke nuna dalili. In da buɗe ƙofa ne, an bar fitilu a kunne ko makulli a ciki. In da fara tafiya ne, a duba bel, birkin hannu da ƙofofi. Buhu a kujerar gaba ma yakan tada ƙarar bel. Amma in jar alamar baƙin mai ko ta zafin inji ta kama, a tsaya a kashe mota nan take. Yanke wayar ƙarar ba gyara ba ne, inji na iya ƙonewa shiru.