2.3 Abotar Kalmomi a Rubutun Turancin Ɗaliban Birnin Zariya

A wannan sashe za a duba wata matsala da ke addabar ɗalibai Hausawa masu koyon Turanci a cikin birnin Zariya, wato abotar kalmomi. Abin da ake nufi da abotar kalmomi shi ne yadda wata kalma ta saba tafiya da wata a bakin masu harshe, ba don nahawu ya tilasta ba, sai don haka aka gada. Masanin harshe na Ingila, J. R. Firth, shi ne ya fito da muhimmancin wannan batu a shekarar 1957.

Yaron da ya tashi a unguwanni irin su Kwarbai ko Juma ko Ƙofar Doka, Hausa yake ji a gida da kasuwa da makarantar allo. Ba kamar takwaransa na Sabon Gari ko Samaru ba, wanda yake cuɗanya da ƙabilu daban-daban. Saboda haka idan ya zo rubuta insha'i, da Hausa yake tunani, sannan ya juya kalma bayan kalma. Aikatau uku ne suka fi jefa shi cikin kuskure: "sha" da "ci" da "ji". Misali:

1. sha magani: yakan rubuta "drink medicine" maimakon "take medicine".
2. sha taba: "drink cigarette" maimakon "smoke a cigarette".
3. ci kuɗi: "eat money" maimakon "embezzle money".
4. ji wari: "hear smell" maimakon "smell something".

Idan aka lura, babu kuskuren nahawu a tsarin aikatau da karɓau na waɗannan misalai. Kowace kalma ma'anarta daidai take a ƙamus. Inda gizo ke saƙar shi ne, aikatau ɗaya na Hausa yana ɗauke da aikin aikatau da yawa na Turanci. Bahaushe yakan ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci kasuwa, ya ci amana, alhali Bature kowanne da kalmar da yake ba shi.

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ɗaliban ƙasar Sin ma suna fama da irinta. A harshensu "ci" ake yi wa magani, don haka sukan rubuta "eat medicine". Haka nan ruwan sama mai yawa "babba" suke ce masa, sai su rubuta "big rain" a wurin "heavy rain". Wanda Bahaushe zai ce ya sha wuya, su cewa suke ya ci ɗaci. Ke nan Basine da Bazazzagi maganin guda suka haɗiya, amma kowa harshen uwarsa ya kai shi ga kuskure daban.

Illar wannan ba ƙarama ba ce, domin ɗalibin da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar gama sakandare, da wuya ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko da kuwa ya ƙware a sauran darussa.

Daga abin da ya gabata za a iya cewa haddar kalmomi ɗai-ɗai, wato "sha" daidai da "drink", ita ce tushen matsalar. Ya kamata malami ya riƙa koyar da aikatau tare da sunan da yake tafiya da shi, ya kuma jera su gefe da gefe da na Hausa a allo. Ƙamusun Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 zai taimaka, domin yana kawo kalma cikin misalan amfani. Sashe na gaba zai duba abotar sifa da suna.