Masanin da ya binciki fid da rai ya koma neman farin ciki

A shekarar 1967, a jami'ar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, Martin Seligman da Steven Maier suka yi gwaji bisa karnuka da wutar lantarki. Karen da aka hana wa hanyar tsira, ko an buɗe masa ita daga baya, sai ya kwanta yana kuka. Suka ce ya koyi fid da rai ne.

Seligman ya juya ga mutane, yana sauraren kalmominsu in abu ya ɓaci: mai cewa "kullum haka nake" ya fi saurin karaya bisa ga mai cewa "yau ce ba ta yi kyau ba". Amma shi kansa mai yawan fushi ne a gida, har wata rana cikin lambu ɗiyarsa mai shekara 5 ta ce masa, tunda ita ta bar ƙorafi, shi ma ya bar ɗaure fuska. Da ya shugabanci ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 1998, binciken farin ciki ya sa gaba.

A 2016, bayan binciken ƙwaƙwalwa, shi da Maier suka amsa sun yi kuskure: karaya gaban doguwar wahala halitta ce, abin da dabba ke koyo shi ne tana da iko ta kuɓuta.